Burtalin da Ya Ratsa Gonar Alhaji Nomau

Tun da na dawo daga Tawa ban huta ba. A majalisa, a ƙofar masallaci, har wajen mai gyaran babur, tambayar ɗaya ce: "Lawali, me ya kai ka Nijar, kuma me ya sa in an ambaci Isuhu sai ka ɓata rai?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai sani ba, aikina zane ne a ofishin wani safiyo a nan Sakkwato. Su fita daji su yi awo, su kawo mini lambobi, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in mayar da su taswira. Abin da aka fi nemana a kansa shi ne ɗauko hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, in shimfiɗa shi ƙarƙashin zanen, har mai fili ya ga layin iyakarsa kwance a kan ainihin ƙasar, da itatuwanta da rufin gidajenta.

Isuhu taubashina ne, ɗan Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina da aure ya kai Tawa tun ban san kaina ba. Shi ma awon ƙasa yake yi, can su topograf suke cewa. Ana cikin zafin bazara ya kira ni.

"Bawana, kana da aiki? Hoto ne ya ƙi zama. Taho ka zaunar mini da shi."

Na ce, "Ubangidanka dai. Turo mini ta waya mana, kafin la'asar na gama."

"A'a, wanga sai ka zo da kanka."

Nan na fara jin wani abu. Aikin da za a gama kafin shayi ya huce, me zai sa a ce sai na ƙetare iyaka? Kuma duk Tawa da Yamai babu wanda ya iya? Na tambaye shi, ya ce layi ba kyau, ya kashe. Matata ta ce kada in je. Na ce Gwaggo ta tsufa, ko don in gaishe ta zan je.

Daga Sakkwato zuwa Illela babu abin faɗa, ban da tayar da ta fashe mana kusa da Gwadabawa. A bakin iyaka aka fara. Ɓangarenmu suka duba katina suka ce in wuce. Da na isa wajen mutanen Nijar, wani jami'i dogo, mai tsagen Adarawa, ya ɗaga jakata ya ji nauyinta, ya ce in buɗe ordinater. Sai da ya nuna da yatsa na gane kwamfuta yake nufi. Tsautsayi, aikin ƙarshe da na yi ban rufe shi ba. Tana kunnuwa sai ga wata unguwa daga sama, gida-gida, lungu-lungu, na zagaye wani gida da jan layi.

Ya dube ni, ya dubi hoton. "Gidan wa ne wanga, kuma mi ya yi maka?"

Na ce gidan marayu ne za a raba gado. Ya kira na gaba da shi. Shi ma ya kira wani. Suka yi ta Faransanci a kaina, ni kuwa ban tsinci komai ba sai kalmar dron, wato ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto, wadda ta sa gumi ya keto mini. A lokacin da muke ciki, baƙo da hoton gidajen mutane daga sama ba abin wasa ba ne, kuma ban ga laifinsu ba. Sai da aka kira Isuhu, ya yi musu dogon bayani, sannan suka sake ni. Dogon ya ce, "Sauka lahiya. Amma rufe abin ga, kada ka buɗe shi cikin mota."

A tashar Ƙwanni na shiga motar Tawa. Aka matse mu, ni da wani Buzu mai baƙin rawani, ya naɗe fuska ba ka ganin komai sai tabarau. Tun kafin Tsarnawa ya fara. Daga ina? Wurin wa? Mene ne cikin jakar da na ƙi bari a ɗora bisa mota? Hausarsa a hankali take fita, kamar yana auna kowace kalma. Ni kuwa duk labarin da na taɓa ji na masu leƙen asirin matafiya ya dawo mini. Na ce masa biki za ni, kayan amarya ne a jakar. Ya ce Allah ya sa alheri. A Badagishiri ya sayi dafaffen ƙwai ya miƙo mini, na ce ina azumi. Ba a jima ba ƙishirwa ta ci ƙarfina, na manta na ɗaga gorar ruwa na sha. Ya juyo da tabaran nan ya dube ni, ya mayar da kansa ga hanya.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan Gwaggo. Ta rungume ni tana kuka, ta ce na yi kama da yayanta har tafiya. Aka ba ni ɗakin zaure. Matar Isuhu, Rakiya, ta kawo dambun zogale da fura mai sanyi, ta durƙusa ta gaishe ni da fara'a. Ku riƙe wannan fara'ar, don ban sake ganinta ba.

Mutanen Tawa Hausarmu ɗaya, amma in suka zo lamba ko ranar mako sai su juya harshe. Ka tambayi mutum ƙarfe nawa, ya ba ka amsa da Faransanci. Makaranta lakwal, ofis buro. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Da rana ta take kuwa kowa ya rufe ya tafi gida ya kwanta, ba kamar mu da za mu zauna muna gyangyaɗi a kan tebur don kada a ce mun tashi ba. Shayinsu kuma ba a yi masa gaggawa. In ka sha na fari ka miƙe, ka yi rashin ladabi.

Washegari muka je buron Isuhu, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Ya nuna mini aikin. Wani ƙauye ne arewa da Affala, ba zan faɗi sunansa ba. Akwai burtalin da dabbobi ke bi zuwa tabki, bara saura kaɗan a zubar da jini a kansa tsakanin manoma da makiyaya. Hukuma ta ce a zana shi kafin ruwa ya sauka. Dattawan ɓangarorin biyu suka zaga da Isuhu, suka nuna masa tsofaffin duwatsun iyaka, ya auna, ya zana. Aka ce kuma sai an sa hoton sama a ƙarƙashi, don wanda bai iya karatu ba ma ya gani da idonsa.

Na duba. Hoton a karkace yake, kuma ya fi zanen girma, don shigo da shi kawai aka yi kamar hoton biki, ba a gaya wa manhajar inda yake a duniya ba. Na daidaita ma'aunin, na mayar da shi kan tsarin lambobin da Isuhu ya yi awo da su. Sannan na nemi abubuwan da ba su motsi, waɗanda ke cikin hoton kuma ya auna su a ƙasa: bakin rijiyar siminti, kusurwar masallaci, da wani ƙaton dutse a gefen tabki. Na ɗaure kowanne da nasa. Hoto ya zauna daram. Rijiya kan rijiya, masallaci kan masallaci.

Sai ga abu ya fito fili. Wata babbar gona, da shingen aguwarta, ta shigo cikin burtalin ta cinye fiye da rabinsa.

Na ce, "To, ga hotonka ya zauna. Wannan ai kai ma ka iya."

Isuhu ya ɗaga kai ya kalli fanka. Can ya ce, "In aka jawo hoton gabas kaɗan fa?"

"Sai rijiya ta bar kan rijiya."

"Wa zai duba rijiya? Tana can ƙarshen takarda."

"Gonar wa ce, Isuhu?"

"Ta Alhaji Nomau." Ya share gumi. "Baffan Rakiya ne. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni ita."

Sai na ga kamar an kunna fitila. Wato in an matsar da hoto, asiri ya tonu wata rana, a ce wani ɗan Najeriya ne ya yi, ya kuma tafi. Na rufe kwamfuta na ce a nuna mini hanyar tasha. Ya riƙe mini hannu, ya rantse bai ce in yi ba, tambaya kawai ya yi. Ya ce gobe za a nuna wa mutanen gari, in zo in yi bayani da bakina, kome na faɗa ya yarda. Ban yarda da shi ba. Amma na ga in na tafi, da yatsa ɗaya zai ja hoton bayan na ba da baya. Na kulle hoton a cikin zanen, na kwafi aikin a wayata ba tare da ya gani ba, na ce mu je.

Hanyar arewa ba kwalta. Wata tsohuwar a-kori-kura muka shiga, mu da buhunan dusa da wata tsohuwa mai zabi a kwando. A shingen jandarmomi aka karɓi katina aka juya shi gaba da baya, aka tambayi Isuhu ko ya tsaya mini. Ya ce ya tsaya. Na ce a raina, ni kuma wa zai tsaya mini a kansa? Bayan Affala mota ta kafe a yashin wata ƙorama, muka sauka turi, zabuwa ɗaya ta kuɓuce daga kwandon tsohuwar, direba da fasinja muka bazu cikin sabara muna kora.

Da muka isa, wa zai tarbe mu in ba Alhaji Nomau ba. Na zaci zan ga ƙaton mutum mai tumbi. Sai ga ɗan siririn tsoho mai sanyin murya, wanda ya yi shekaru yana fatauci a Abijan ya dawo gida noma. Ya ce baƙon surukinsa baƙonsa ne, a gidansa zan sauka. Ya sa aka yanka ɗan akuya. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ga nama har ya rufe miyar. Yunwa nake ji, amma kowace loma sai in ji kamar sa hannu nake yi a wata takarda. Bai ce mini komai a kan gona ba. Wannan ya fi damuna. Da ya yi maganar, da na san inda zan tare shi.

Da la'asar ya ce in zo in ga wuri. Bai kai ni wajen burtali ba, sai ya kai ni ɗaya gefen gonar, inda ƙorama ta yi mata wawakeken rami, ƙasa ta zube, saiwoyin itace a waje.

Ya ce, "Ɗana, nan har can inda ka ga farin yashi, gonar ubana ce. Kowace damina ruwa na yankar rabonshi. Cikin gidana bakin da ke ci ya fi ƙarfin abin da ya rage. Hoton naku yana nuna wanga?"

Na ce, "Yana nunawa, Baba."

"To, madalla." Ya juya muka koma. Har yau ban san ko roƙo ne ya yi ba, ko kuwa so yake kawai wani ya gani.

Da safe aka taru a zauren maigari, don a waje rana ba ta bari a ga fuskar kwamfuta. Manoma a dama, makiyaya a hagu, Fulani da Buzaye. Ina cikin haɗa waya sai na ji murya a hankali daga hagu.

"Malam, an watse bikin? Yaya amarya?"

Baƙin rawani, tabarau. Ashe sunansa Agali, shi ne mai magana da yawun makiyayan, daga Ƙwanni yake dawowa ran nan. Ya juya ya gaya wa jama'a, da Hausa sannan da Tamashek, yaren Buzaye, cewa wannan baƙon ya ce masa biki za shi, ya ce yana azumi ya sha ruwa, jiya kuma a gidan mai gonar ya kwana ya ci akuya. Zaure ya ɗauki guna-guni. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Na ce tsoro ne ya sa, ban san shi ba. Ya ce, "Ni ma ban san ka ba, amma ban ce maka biki za ni ba."

Na buɗe hoton. Kowa ya matso. Wani ya gane rumbunsa. Wani dattijo ya ga tsakar gidansa a buɗe, ya tashi tsaye ya ce wa ya ba da izinin a leƙa masa iyali daga sama? Na ce ba a ganin mutum, sai ɗigo. Ya ce ɗigon ma nasa ne. Da ƙyar maigari ya zaunar da shi.

Da na kunna layin burtali a kan hoton, ba wanda ya buƙaci bayani. Ga gona, ga layi ya ratsa ta. Na saci kallon Isuhu, kansa na ƙasa.

Alhaji Nomau ya yi gyaran murya. "Ɗana, tambaya ɗaya. Hoton ga, ana iya matsar da shi?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Amma na riga na yi wa mutanen nan ƙarya sau biyu. Na ce, "Ana iyawa, Baba. Da yatsa ɗaya ma." Na buɗe kullen, na ja hoton gabas, gonar ta fita daga burtali tsaf. Na nuna musu rijiya, ga ta ta bar wurinta. Na mayar.

Zaure ya rikice. Manoma suka ce to wa ya san ba a riga an ja shi yamma ba don a cuce su? Makiyaya suka ce in baƙo ya tafi wa zai hana a ja shi gabas? Wato na yi gaskiya, ta sa kowa ya daina yarda da ni gaba ɗaya.

Agali ne ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san hoto ba, ƙasa ya sani. A ɗauki na'urar a fita. Shi zai zaɓi wuri, Alhaji ya zaɓi wuri, in an tsaya a kai a ga ko abin zai nuna daidai. Muka fita cikin ranar nan, na lulluɓe kaina da kwamfutar da rawanin wani, Isuhu na riƙe da na'urar awo yana karanto lambobi, ni ina sa ɗigo. Agali ya kai mu wani tsohon kabari da aka kewaye da duwatsu. Ɗigo ya faɗa kan kewayen. Alhaji ya kai mu gindin wani gawo a tsakiyar gonarsa. Ɗigo ya faɗa kan inuwar gawon. Ya sa aka ɗaga masa rawanin ya leƙa da kansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Gawona ne."

Maigari ya yanke magana: Alhaji zai janye shingensa, gari kuma zai duba masa wani wuri a madadin abin da ruwa ya ci. Agali ya ƙara da cewa ba za su jira takarda daga Tawa ba, a kafa turakun siminti tun baƙo yana nan. Na ce ina da aiki a gida. Aka ce ai motar da ta kawo mu ta riga ta juya. Ba wanda ya ce an tsare ni, amma ko bayan gari zan zaga sai in ga wani daga dama da wani daga hagu suna tafe nesa kaɗan. Masaukina ma aka raba: kwana a gidan maigari, abincin rana daga manoma, shayi da cuku a rumfar Agali. Cukun nan busasshe ne kamar fatar ganga, sai an jiƙa a shayi yake tauno. Agali ya ce mini, "Ci, ba azumi kake ba." Daga nan muka fara dariya da juna.

Ranar da aka kafa turken ƙarshe, Alhaji Nomau da kansa ya sa gatari ya sare aguwar shingensa. Bai bari 'ya'yansa su taya shi ba. Da na je sallama ya amsa, ya yi mini addu'ar hanya, amma bai dubi Isuhu ba ko sau ɗaya.

Labari ya riga mu isa Tawa. Rakiya ta aiko da abinci, ba ta fito ba. Na ji ta ta bayan katanga tana cewa an ɗauko baƙo daga wata ƙasa ya zo ya tozarta tsoho a gaban Buzaye. Na ji Isuhu yana cewa, "Ya zan yi? Kin san mutanen Sakkwato da taurin kai. Na roƙe shi ya ƙi."

Da safe ya ɗauke ni a babur zuwa tasha. Kafin in shiga mota na ja shi gefe.

"Isuhu, ka dubi Allah ka gaya mini. Ka kira ni in matsar da hoton, ko ka kira ni in ƙi?"

Ya daɗe yana wasa da makullin babur. "Wallahi, Lawali, ni kaina ban sani ba. Na dai san kai ba ka da suruki a garin."

"Da na matsar fa?"

Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. Ban ga wasan taubashi a fuskarsa ba ko kaɗan.

"Da na sa hannu."

Yaron mota yana ta kiran Ƙwanni, Ƙwanni. Na shiga na zauna, na rungume jakata. Ya tsaya a wurin har muka fita daga tasha, yana ɗaga mini hannu, ni kuma na rasa ko in ɗaga masa.

Shi ke nan abin da ya faru. Ruwa ya sauka, na ji an ce dabbobi sun wuce lafiya. Masu tambaya ko mun ɓata da Isuhu, ba mu ɓata ba, ɗan Gwaggona ne. Shekaranjiya ma ya kira, wai akwai wani aikin wajen Barmu, hoto ya sake ƙin zama. Na ce masa kafin in sa takalmi, ya fara gaya mini gonar wa ce.